Manomin ƙauyen Ingila a zamanin sarakunan da: bawa ne ko ɗa?

Ɗalibi daga Zariya

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina da tambaya game da rayuwar talakawan Ingila daga shekarar 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar da yaƙi, zuwa ƙarshen ƙarni na 14. Abin da na fahimta shi ne, manoman ƙauye da yawa a ɗaure suke da gandun wani ubangida: ba su da ikon tashi su koma wani gari sai da izininsa, suna yi masa noma kwanaki a kowane mako ba tare da lada ba, kuma ko 'ya mutum zai aurar sai ya biya shi kuɗi. Duk da haka masana tarihi suna dagewa cewa waɗannan mutane ba bayi ba ne. Ni kuwa na duba na kasa ganin inda bambancin yake, domin mutumin da ba shi da iko da ƙafarsa, ba shi da iko da guminsa, ban san abin da ya rage masa na 'yanci ba.

Tambaya ta biyu ta fi damuna. Me ya sa suka haƙura da wannan hali shekaru ɗaruruwa? Shin koyarwar coci ce ta kwantar musu da kai, ganin cewa cocin ita kanta tana da gandaye da manoma a ƙarƙashinta? Ina roƙon wanda ya san abin ya yi mini bayani dalla-dalla. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Tarihi

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a tuna cewa Ingila ta san bayi na ainihi, kuma sun yi zamani ɗaya da waɗannan ɗaurarrun manoma. A ƙidayar dukiyar ƙasa da Sarki Wiliyam ya sa aka yi a 1086, wadda ta shafi wurare fiye da 13,000, kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka rubuta bawa ne, alhali kusan huɗu cikin goma manoma ne masu riƙe da gona a ƙarƙashin ubangida, kuma masu ƙidayar ba su haɗa su a layi ɗaya ba. A wancan lokaci tashar jiragen ruwa ta Biristol ta yi ƙaurin suna wajen fitar da bayi zuwa Ayalan, har Bishop Wulfstan na Worcester ya riƙa zuwa can yana wa'azi a kan a daina, sannan taron manyan malaman coci da aka yi a Landan a 1102 ya la'anci sayar da mutane kamar dabbobi. Kafin ƙarshen ƙarni na 12 bautar ta ɓace, domin iyayengiji sun ga ya fi musu riba su ba mutum 'yar gona ya ciyar da kansa, su kuma su riƙa karɓar aikinsa.

Nauyin da ke kan ɗaurarren manomi ba ƙarami ba ne, kuma ba zan rage shi ba. Mai cikakkiyar gona, wato kimanin eka 30, yakan yi kwana biyu ko uku a mako a gandun ubangida, lokacin girbi kuma a ƙara masa kwanaki a daidai sa'ad da nasa hatsin ke jiran lauje. Idan zai aurar da 'ya ya biya, idan yana so ya zauna a wajen ƙauye ya biya kuɗin shekara, idan ya mutu ubangida ya ɗauki dabbar da ta fi kyau a garkensa, limamin coci kuma sau da yawa ya ɗauki mai bi mata. Hatsinsa ma dole ya kai injin niƙa na ubangida a cire rabo. Abin da ya fi duk wannan ciwo shi ne, ba shi da ikon kai ubangidansa ƙara a kotun sarki a kan maganar gona. Shi ya sa alkawarin da ke cikin Magna Carta ta 1215, cewa ba za a kama mutum ko a ƙwace masa dukiya ba sai ta hanyar shari'a, an rubuta shi ne da sunan ɗa mai 'yanci, bai haɗa da shi ba.

To, amma ga abin da ya rage masa. Ubangida ba shi da ikon kashe shi ko nakasa shi, domin ransa da gaɓoɓinsa suna ƙarƙashin kariyar sarki. A gaban kowane mutum ban da ubangidansa, shari'a tana ɗaukarsa kamar ɗa. Aurensa ingantacce ne, kuma Fafaroma Adrian na Huɗu, Ba'ingile ɗaya tilo da ya taɓa hawa wannan kujera, ya yanke hukunci a tsakiyar ƙarni na 12 cewa auren marasa 'yanci yana nan daram ko da ubangida bai yarda ba. Gonarsa kuma a aikace ɗansa ne ke gadonta bayan ya biya kuɗin shiga.

Mafi muhimmanci a ganina ita ce al'adar gandu. Yawan kwanakin aiki, da yawan ƙwai da kajin da ake kaiwa lokacin bukukuwa, da irin abincin da ubangida zai ciyar da masu girbi, duk an san su, daga baya ma aka rubuta su. Kotun gandu, wadda a wurare da yawa take zama kowane mako uku, manoman ne da kansu suke rantsuwa a cikinta su faɗi abin da al'ada ta ce, kuma mai kula da aikin gandu daga cikinsu ake zaɓarsa. Ubangida yana iya cin tara, amma ƙara kwana ɗaya a kan abin da kakanni suka saba yi yakan jawo masa rigima ta shekaru. A ƙarni na 13, da farashin ƙasa ya tashi, wannan al'adar ta sa wasu ɗaurarrun manoma suna biyan abin da bai kai kuɗin hayar da ake karɓa a kasuwa ba. Kuma a tuna cewa ba ko'ina abin yake ɗaya ba, domin a Kent da gabashin ƙasar manoma masu 'yanci suna da yawa ƙwarai.

Malama daga Sakkwato

Malam, Allah Ya ƙara sani. Ina so in ƙara wani abu da nake ganin ɗan'uwanmu zai amfana da shi, wato cewa a rayuwar yau da gobe girman gona ya fi matsayin shari'a tasiri a kan cikin mutum. Ɗaurarren manomi mai eka 30 da shanun huɗa ya fi ɗa mai 'yanci da ke da eka uku kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, har ma yakan ɗauke shi aikin ƙodago. Zuwa shekarar 1300 jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsattsage, kuma iyalai masu ɗimbin yawa ba su da ƙasar da za ta ciyar da su shekara.

Noman nasu ma ba mai albarka ba ne. A tsakiyar ƙasar ana raba filin ƙauye gida biyu ko uku, a bar ɗaya ya huta kowace shekara dabbobi su yi kiwo a ciki, kuma gonar kowane mutum ziri-ziri ce a warwatse a tsakanin ta maƙwabta, saboda haka ba wanda ke shuka ko girbi a lokacin da ya ga dama. Mudu ɗaya na iri yakan ba da uku ko huɗu kawai, daga ciki kuma a ware irin baɗi, a fitar da ushirin coci, a biya mai niƙa. Abincin yau da kullum burodi ne mai duhu, da faten hatsi da wake da ganye da albasa, da giyar sha'ir marar ƙarfi wadda babba da yaro suke sha. Alkama mai kyau galibi kasuwa take tafiya don a sami kuɗin haya. Nama sai jifa-jifa, yawanci na alade, wanda ake yankawa a watan Nuwamba a zuba masa gishiri saboda hunturu, tun da ba kowa ke da ciyawar da zai riƙe dabba har bazara ba. A ƙauyen Wharram Percy da ke Yorkshire, wanda aka yi watsi da shi daga baya masana suka tono shi, ƙasusuwan da aka samu a maƙabarta sun nuna cewa yara suna girma a hankali ƙwarai idan aka gwada da na yanzu, kuma da yawa ba su kai ga balaga ba.

Dafa giyar nan kuwa sana'ar mata ce, kuma a takardun kotunan gandu sunayen mata sun fi fitowa a wajen tarar da ake ci a kan karya dokar farashin burodi da giya. Su ne masu kaɗi, su ne masu tatsa da yin cuku, kuma da kaka suna cikin gona tare da maza a kan ladan da bai kai nasu ba. Gwauruwar da mijinta ya mutu takan riƙe gonarsa, ta tsaya a kotu da kanta. Amma akwai wata tara da ake ci a kan ɗaurarriyar mace idan aka kama ta da laifin zina, kuma kusan kullum ita kaɗai ake ci, wanda hakan yana nuna cewa ubangida yana kallon mutuncinta a matsayin wani ɓangare na dukiyarsa. A wannan gaɓar ina ganin ɗalibinmu bai yi nisa da gaskiya ba.

Da ruwan sama ya yi yawa ya lalata amfanin gona daga 1315 zuwa 1317, aka shiga yunwar da ta kashe mutane bila adadin, sai kuma annobar shanu ta biyo baya a 1319 ta ƙarasa dabbobin huɗa. Yunwar ba ta tambayi kowa takardar 'yanci ba, marasa ƙasa ta fara ɗauka.

Mai karatu daga Jos

Gaisuwa gare ku duka. Zan taɓa tambaya ta biyu, domin ina ganin amsar ba ta tsaya a kan eh ko a'a ba. Gaskiya ne malaman coci sun koyar da cewa Allah Ya raba mutane gida uku, masu addu'a da masu yaƙi da masu aiki, kuma kowa ya tsaya a inda aka ajiye shi. Gaskiya ne kuma gidajen 'yan zuhudu suna cikin manyan masu gandaye, kuma sau da yawa sun fi sauran iyayengiji tsanani, domin suna da marubuta da takardu, ba sa mantuwa, ba sa kuma mutuwa a bar wa magaji mai sakaci. Dokar da Sarki Henri na Biyu ya kafa a Clarendon a 1164 ma ta hana a naɗa ɗan ɗaurarren manomi limami sai da yardar ubangidansa.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa addini wani abu ne da aka ɗora wa talaka daga sama yana ƙi. Cocin ƙauye tasu ce: su ne ke da alhakin gyaran ɓangaren da jama'a ke tsayuwa, su ne ke sayen kyandir da ƙararrawa, a can ake yi wa jariri baftisma cikin kwanakinsa na farko, kuma idan ana tsoron ba zai rayu ba ungozoma ce take yi masa nan take. Ibadar da harshen Latin ake yi, wanda ba sa ji, amma bangon cocin cike yake da zane, kuma a saman bakan da ke gaban masu ibada galibi akwai hoton ranar hisabi, inda ake ganin sarakuna da bishop-bishop a cikin waɗanda ake kora zuwa wuta. Manomin da ke kallon wannan kowace Lahadi ya san cewa ubangidansa ma zai tsaya a gaban Mai shari'a. Ranakun bukukuwan waliyyai kuma, waɗanda suka kai gommai a shekara, su ne hutun da ba wanda ya isa ya hana shi.

Abin da ya fi cika musu zuciya shi ne makomar mamaci. Sun yi imani cewa yawancin rayuka suna bi ta wani wurin tsarkakewa kafin su shiga Aljanna, kuma addu'ar masu rai tana rage musu wahala, saboda haka attajiri yakan bar wasiyya a riƙa yi masa addu'a har abada, talakawa kuma su haɗa ƙungiya suna tara kwabo-kwabo don jana'izar junansu. Babban taron coci na 1215 a Roma ya wajabta wa kowa furta zunubansa a gaban limami aƙalla sau ɗaya a shekara. Taron nan ne kuma ya hana limamai sa hannu a gwajin mai laifi da ƙarfe mai zafi ko jefawa a ruwa, abin da ya tilasta wa kotunan Ingila komawa ga mutum goma sha biyu masu rantsuwa su faɗi ko wanda ake tuhuma yana da laifi. Marar lafiya kuma yakan yi tattaki zuwa Kantabari, kabarin Thomas Becket, Akbishop ɗin da jaruman sarki suka kashe a cikin cocinsa a 1170, ya dawo da ruwan tubarraki a 'yar kwalbar darma. Wannan imanin yana da ɓangarensa mai muni, domin shi aka yi amfani da shi wajen tunzura jama'a a kan Yahudawa, aka yi musu kisan gilla a Yok a 1190, sannan Sarki Edward na Ɗaya ya kore su daga ƙasar baki ɗaya a 1290.

Cocin kuma ita ce kusan tsani ɗaya da ɗan talaka zai hau. Robert Grosseteste, wanda ya zama Bishop na Lincoln a 1235 kuma yana cikin manyan masanan zamaninsa, daga gidan talakawa ya fito a Suffolk.

Ɗalibi daga Zariya

Na gode ƙwarai, malamaina, na ƙaru. Abin da ya rage mini shi ne, idan al'ada tana kare su kamar yadda Malam ya bayyana, kuma addini ya ba su abin riƙewa, me ya kawo ƙarshen tsarin? Shin wani sarki ne ya soke shi da doka, ko kuwa su ne suka ƙwaci kansu?

Dattijo mai sha'awar tarihi

Ɗana, kafin in amsa, bari in ɗan saɓa wa Malam cikin girmamawa. Kariyar da al'ada ta bayar gaskiya ce, amma manoman ba su taɓa ɗaukarta a matsayin abin da ya ishe su ba, kuma zancen cewa sun haƙura shekaru ɗaruruwa bai dace da abin da ke cikin takardu ba. Tun a ƙarni na 13 ƙauyuka suna haɗa kuɗi su ɗauki lauya don su tabbatar cewa ƙasarsu asalinta ta sarki ce, ko sa sami kariyar kotunsa, wasu suna ƙin fita aikin gandu, wasu suna gudu zuwa birane, inda a garuruwa masu takardar sarki wanda ya yi shekara da kwana ɗaya ba a nemo shi ba yake zama ɗa. Mutumin da ya gamsu da halinsa ba ya sayar da saniyarsa don ya sayi takardar 'yanci, su kuwa sun yi.

Abin da ya karya ƙashin bayan tsarin annoba ce. Ta shigo ta gaɓar Dorset a tsakiyar 1348, kuma kafin ƙarshen 1349 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen ƙasar. Gonaki suka zama ba masu nomawa, ma'aikaci ya yi tsada, wanda ubangidansa ya matsa masa kuma ya san cewa wani ubangidan a gaba zai karɓe shi hannu bibbiyu ba tare da tambayar asalinsa ba. Masu mulki suka yi ƙoƙarin tsayar da abin da doka, a 1349 da kuma 1351, inda aka ƙayyade lada a kan yadda yake kafin annoba, aka kuma tanadi turu ga wanda ya ƙi aiki. Sannan yaƙi da Faransa ya sa aka ɗora harajin kai sau uku cikin shekaru huɗu: na 1377 kwabo huɗu ne a kan kowane baligi, na ƙarshe kuma sule guda, kwabo goma sha biyu a kuɗin lokacin, wato ninki uku.

A ƙarshen watan Mayu na 1381 mutanen Essex suka kori masu binciken haraji, Kent ta bi sahu a ƙarƙashin Wat Tyler, kuma duk inda suka bi abin da suka fara nema su ƙona shi ne takardun kotun gandu, domin a cikinsu aka rubuta wane ne ɗaurarre. A nan maganar ɗan'uwanmu na Jos ta fito fili, domin mai wa'azinsu limami ne, John Ball, kuma hujjarsa daga Littafi Mai Tsarki na Kirista ya ɗauko ta: lokacin da Adamu ke noma Hauwa'u ke kaɗi, wane ne basarake? Sun shiga Landan, sun ƙona fadar John na Gaunt, baffan sarki, sun fille kan Akbishop Simon Sudbury wanda shi ne kuma babban waziri. Ranar 14 ga Yuni, a Mile End, Sarki Richard na Biyu, yana ɗan shekara 14, ya amince da soke ɗaurin manoma da mayar da haya kwabo huɗu a kan eka. Washegari aka kashe Tyler a Smithfield, taron ya watse, kuma cikin makonni kaɗan sarki ya janye duk takardun da ya bayar, aka rataye shugabannin, har da Ball.

Abin da ya faru a St Albans ya fi komai nuna mini yadda abin yake a zukatansu. Kimanin shekara hamsin kafin boren, shugaban gidan 'yan zuhudu na garin ya ƙwace duwatsun niƙa na gidajen mutane don ya tilasta musu zuwa injinsa, ya kuma sa aka daɓe wani ɗaki da su. A 1381 jama'a suka shiga ɗakin, suka tone duwatsun, suka farfasa su, suka rarraba wa juna gutsattsarin kamar yadda ake raba burodi mai albarka a coci ranar Lahadi. Ɗan zuhudun gidan, Thomas Walsingham, wanda ba ya ƙaunar masu boren ko kaɗan, shi ne ya rubuta wannan.

Amsar tambayarka ita ce, ba wata doka da ta soke tsarin, kuma boren bai ci nasara a ranar ba. Sai dai ba a sake ɗora irin wannan harajin kai ba a sauran zamanin, iyayengiji kuma suka ga tilasta aikin gandu ya fi musu tsada a kan bayar da ƙasar haya, sai suka riƙa mayar da kwanakin aiki kuɗi, manomi ya riƙe gonarsa da kwafin abin da aka rubuta a kotun gandu. Zuwa 1500 ɗaurarrun da suka rage kaɗan ne, kuma a 1574 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba da umarni a 'yanta waɗanda suka saura a wasu gandayen sarauta, bayan kowannensu ya biya kuɗin fansa gwargwadon dukiyarsa.